Tarin fuka mai bijire wa magani: yadda ake auna yawansa da yadda ake sa masa ido

A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kimanin mutum 400,000 ne suka kamu da tarin fukan da ba ya jin rifamfisin, ɗaya daga manyan magungunan cutar, a shekarar 2023. Waɗanda aka gano har aka ɗora kan maganin da ya dace kuwa ba su kai rabi ba, wajen 176,000 ne. Ragowar suna gida da kasuwa da majalisa, wasunsu ma suna haɗiyar maganin tibi na wata shida kullum safe ba fashi, alhali ba zai warkar da su ba. Wannan jagora ta jami'an tarin fuka ce na jiha da na ƙaramar hukuma, da ma'aikatan ɗakin gwaji, da masu riƙe da rajista a asibiti. Duk adadin da za a fitar kan bijirewa ya rataya ne a kan abu uku: wa aka gwada, yaya aka tambaye shi tarihin jinyarsa, kuma a wane hali kakinsa ya isa ɗakin gwaji. In ɗaya ya gurgunce, lissafin ya bi shi.

A fara daidaita sunaye

Magungunan matakin farko huɗu ne: rifamfisin, isoniyazid, firazinamid da etambutol. Biyun farko su ne ginshiƙin jinya. Ƙwayar da ta bijire wa rifamfisin, RR-TB ake rubuta mata a fom. In ta haɗa da isoniyazid, ta zama MDR-TB. Ana ƙirga su tare saboda jinyarsu ɗaya ce. Tun daga 2021, wadda ta ƙara da bijire wa lebofuloksasin ko moksifuloksasin ana kiranta pre-XDR, in kuma ta ɗora da bedakwilin ko linezolid a kan haka, XDR ce. Kafin 2021 da allurai irin su amikasin da kanamaisin ake auna XDR. Saboda haka kada a jera adadin 2015 da na 2023 a jadawali ɗaya a ce ya ragu ko ya ƙaru, ma'aunin ba ɗaya ba ne.

Bijirewa tana da ƙofa biyu. A cikin ƙwayoyin cuta miliyan ɗaya, akan sami kamar guda da halittarta ta sauya har isoniyazid ba ya kama ta. Ta rifamfisin kuma kamar guda ce cikin miliyan ɗari. Rami ɗaya a huhun majinyaci kan ɗauki ƙwayoyi miliyoyi har zuwa biliyan. In an sha magunguna huɗun tare, wadda ta tsere wa wannan sai wancan ya kashe ta. In kuwa aka yi ta sha ana dainawa, ko aka sha guda ɗaya daga kemis, ko maganin bai da inganci, ko adadin bai kai nauyin jikin mutum ba, masu taurin ne za su rage su hayayyafa. Ƙofa ta biyu ita ce mutum ya shaƙi ƙwayar da ta riga ta bijire daga wani. Shi ya sa ake raba majinyata gida biyu. Bijirewa a wurin sabon majinyaci tana nuna cutar na yaɗuwa a gari. A wurin wanda ya taɓa jinya kuwa, tana iya zama daga jinyar baya, tana iya zama daga yaɗuwar.

Yawansa a duniya da Najeriya

A 2023, a duniya baki ɗaya, kashi 3.2 cikin ɗari na sabbin majinyata da kashi 16 na waɗanda suka taɓa jinya ne ke ɗauke da MDR ko RR. Indiya ita kaɗai tana da fiye da kwata na masu cutar, sai Rasha, Indunusiya, Sin da Filifin, kowacce da kusan kashi 7. A Rasha da wasu ƙasashen gabashin Turai da tsakiyar Asiya, fiye da rabin waɗanda suka taɓa jinya suna da ita. A jerin 2021 zuwa 2025, Najeriya tana cikin ƙasashe 30 da hukumar ta lissafa a matsayin masu nauyin wannan cuta. Binciken ƙasa na farko, wanda rahotonsa ya fito a 2012, ya sami MDR a kashi 2.9 na sabbi da kashi 14.3 na tsofaffin majinyata, wato waɗanda suka taɓa jinya. Kason kamar kaɗan ne, amma a ƙasar da ake samun masu tarin fuka dubu ɗaruruwa duk shekara, kashi 3 dubban mutane ne.

Aikin tattara irin waɗannan alƙaluma ya soma ne a 1994, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar yaƙi da tarin fuka da cututtukan huhu ta ƙasa da ƙasa suka kafa shirin sa ido na duniya. Rahotonsa na farko ya fito a 1997.

Mataki na 1: Buɗe rajista ka ga inda kake

Hanyar auna yawan bijirewa biyu ce. Ko dai sa ido na kullum, inda ake gwada kowane majinyaci a lokacin da aka gano shi, ko bincike na musamman da ake maimaitawa kamar duk shekara biyar. Ma'aunin zaɓi shi ne kashi 80. Ɗauki adadin masu tarin fukan huhu da gwaji ya tabbatar a shekara, ka ƙirga nawa ne ke da rubutaccen sakamakon rifamfisin. A ce 500 ne, 430 na da sakamako: kashi 86 ke nan, rajistarka ta isa a dogara da ita. In bai kai 80 ba, sai an yi bincike. A yi wannan lissafi daban ga sabbi, daban ga tsofaffi.

Dalilin wannan sharaɗi shi ne, inda katrij, wato ɗan mazubin da ake zuba kaki a sa a na'urar gwaji, ya yi ƙaranci, ma'aikata sukan ajiye shi domin waɗanda magani ya ƙi. A ce an gwada irin waɗannan 40, aka sami 10. Wanda ya rubuta cewa kashi 25 na masu tibi a ƙaramar hukumarsa suna da MDR ya yi kuskure babba, domin waɗanda tun asali ake zargi kawai ya gwada.

Mataki na 2: Yawan mutanen da za a ɗauka

Da sabbin majinyata ake yin lissafin. Ana bukatar kason da ake tsammani, da kuma iyakar kuskuren da za a lamunta. A ce ana tsammanin kashi 3, ana son kuskure kada ya wuce 1.5 sama ko ƙasa. Ninka 1.96 da kanta, ka sami 3.84. Ninka da 0.03, sannan da 0.97, ka raba da 0.015 sau 0.015. Amsa kusan 500. Tun da rukuni-rukuni za a ɗauko mutane, kuma mutanen asibiti ɗaya sukan yi kama da juna, sai a ninka biyu: 1,000. A ƙara domin samfurin da zai lalace ko ya ɓata; in an ƙaddara asarar kashi 15, ya zama wajen 1,170. In aka raba wa rukuni 40, kowanne zai kawo mutum 30.

Rukunan kada su gaza 30. Ana jera dukkan cibiyoyin da ke gano tarin fuka tare da adadin sabbin majinyatansu na bara, a zaɓa ta yadda mai yawan majinyata ta fi samun damar shiga. Kuri'a ce ke zaɓa, ba kyawun hanya ko kusanci da babban birni ba. Cibiyar da kuri'a ta faɗa wa, in tana da wuyar zuwa, a nema mata hanyar kai samfuri. In an musanya ta da ta bakin titi, an cire mutanen karkara daga lissafi ke nan. A kowace cibiya ana ɗaukar majinyata a jere yadda suka zo, ba tsallake, har adadi ya cika. Duk tsohon majinyacin da ya zo a tsawon lokacin shi ma a sa shi. A yi ƙoƙari kada ɗibar ta wuce wata 12. Kafin a fara, sai an sami amincewar kwamitin ɗa'a, an tanadi takardar yardar majinyaci, an kuma tabbatar akwai maganin da za a ba duk wanda aka samu da cutar.

Mataki na 3: Tambayar tarihi

Nan ne aka fi yin ɓarna, kuma nan ne aka fi rainawa. Ƙa'idar gajera ce: wanda bai taɓa shan maganin tibi ba, ko ya sha ƙasa da wata ɗaya, sabo ne. Wanda ya sha wata ɗaya ko fiye, tsoho ne, ko a ina ya sha. Wahalar tana wurin samun gaskiyar amsa. Wani yana tsoron a yi masa faɗa don ya gudu daga jinya. Wata ba ta son dangin miji su ji. Wani kuma bai ma san abin da aka ba shi a kemis ko asibitin kuɗi maganin tibi ba ne.

Saboda haka tambaya ɗaya ba ta wadatarwa. A keɓe da mutum inda ba kunnen kowa, a yi masa magana da girmamawa. Maimakon "ka taɓa yin tibi?", a bi ta gefe: "Baba, tun yaushe tarin nan yake damunka? Kafin wannan karon ka taɓa yin irinsa? An taɓa karɓar kakinka ko an yi maka hoton ƙirji? Ka taɓa shan maganin da ya mai da fitsarinka ja?" Wannan ta ƙarshe tana da amfani ƙwarai, domin rifamfisin ke rina fitsari, kuma da wuya wanda ya gani ya manta. A tambaye shi ko an taɓa yi masa allura kullum har tsawon makonni. A ajiye fakitin magungunan a tebur a nuna masa. Sannan a duba rajistar shekarun baya, ta wannan cibiya da ta maƙwabta, musamman ga 'yan ci-rani da direbobi da makiyaya da ke fara jinya a wani gari su ƙarasa a wani.

Ga abin da sakaci a nan ke jawowa. A ce an rubuta mutum 1,000 a matsayin sabbi, alhali 100 daga ciki sun taɓa jinya. In ainihin kason sabbi 3 ne, na tsofaffi 16, za a sami 27 daga 900, da 16 daga 100, jimilla 43. Rahoto zai ce kashi 4.3, a ɗauka cutar na yaɗuwa fiye da yadda take. Maganinsa shi ne wani ma'aikaci daban ya sake tattaunawa da duk wanda aka samu da bijirewa, da kamar ɗaya cikin goma na sauran.

Mataki na 4: Kaki da tafiyarsa

A karɓi kaki a fili inda iska ke kaɗawa, ba a banɗaki ko rufaffen ɗaki ba. Mutum ya kurkure baki da ruwa, ya ja numfashi mai zurfi sau biyu ko uku, ya yi tari daga ƙirji. Ana son mililita 3 zuwa 5 na kaki mai kauri. Yawu zalla ba ya amfani. Lambar majinyaci a jikin roba ake rubuta ta, ba a murfi ba, domin murfi na iya musanyuwa a ɗakin gwaji.

Ƙunshi hawa uku ne: robar kaki a rufe ta gam a naɗe da auduga, a sa ta cikin leda mai zif ko wani mazubi da ba ya yoyo, sannan cikin kula mai ƙanƙara. Fom ɗin a ledarsa daban. Samfurin da za a yi rainon ƙwayarsa, wato a bar ta ta hayayyafa a ɗakin gwaji, ya zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8, ya isa cikin kwana uku. In ya daɗe a zafi, ƙwayoyin baki ne za su yi yawa su mamaye, na tibi kuma su mutu. A watannin Maris da Afrilu, ƙanƙarar kula ba ta kai yamma a bayan babur, don haka a tsara tafiya da sassafe, kuma kada a aika ranar Juma'a sai an tabbatar akwai mai karɓa.

Inda tafiya za ta kai mako, ana zuba sinadarin CPC mai ƙarfin kashi 1, daidai yawan kakin. Sai dai yana da sharaɗi biyu da ake yawan mantawa: ba a sa shi a firji domin yana daskarewa, kuma ba ya shiri da na'urar MGIT mai rainon ƙwaya a cikin ruwa, sai raino a kan daskararren abincin ƙwai na LJ. In gwajin ƙwayar halitta kaɗai za a yi, ana iya adana kakin cikin etanol, amma wannan yana kashe ƙwayar, ba sauran raino.

Mataki na 5: Ɗakin gwaji, da abin da kowace na'ura ba ta gani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da GeneXpert, na'urar da ke gano ƙwayar tibi da bijirewarta ga rifamfisin a cikin kaki, a Disambar 2010, da sabon katrij na Ultra a 2017. Ana zuba ruwan gwaji kashi biyu a kan kaki kashi ɗaya, a girgiza sosai, a bari minti 10, a sake girgizawa, a ƙara minti 5, sannan a ɗebi mililita 2 a zuba a katrij. Sakamako na fitowa ƙasa da awa biyu. Katrij ba ya son zafin da ya wuce digiri 28, na'urar kuma ba ta son ɗakin da ya wuce 30. Ɗaukewar wuta tana tsakiyar aiki asarar katrij ce, ƙurar hunturu kuma tana toshe mata mashaƙar iska. Sai da sola ko inbata, da na'urar sanyaya ɗaki, da sharar matata a kai a kai, da daidaita ta duk shekara. In gwaje-gwajen da ke fitowa da kuskure ko ba sakamako suka haura kashi 5, a tsaya a binciki dalili. Inda wuta ta yi wuya, Truenat, wata na'urar gwaji irinta mai aiki da batir, tana taimakawa.

In sakamako ya nuna bijirewa a wurin sabon majinyacin da ba a san ya yi hulɗa da mai MDR ba, musamman in ƙwayar kaɗan ce ƙwarai, a maimaita da sabon kaki. Sau da yawa musanyar samfuri ko kuskuren rubutu ake kamawa a nan. Sakamakon Ultra da ya nuna ɓurɓushin ƙwaya kawai ba ya cewa komai game da rifamfisin, kada a ƙirga shi cikin masu jin magani.

Na'urar tana leƙa wani ɗan yanki ne na ƙwayar halittar rpoB, inda kusan kashi 95 na sauye-sauyen da ke kawo bijire wa rifamfisin suke. Sauran suna wuce ta. A Eswatini, binciken ƙasa na 2009 zuwa 2010 ya nuna kusan kashi 30 na ƙwayoyin MDR suna da wani sauyi mai suna I491F da ke wajen wannan yanki, GeneXpert na ce musu lafiya lau. Darasin a aikace shi ne, majinyacin da kakinsa bai washe ba bayan wata biyu yana shan magani yadda ya kamata, ko ya kai wata biyar da ƙwaya, a tura samfurinsa babban ɗakin gwaji ko da na'ura ta ce yana jin rifamfisin.

Katrij na farko da na Ultra kuma ba sa duba isoniyazid sam. Masu ƙwayar da ta bijire wa isoniyazid amma tana jin rifamfisin sun kai kimanin miliyan ɗaya a shekara a duniya, sun fi masu MDR yawa nesa ba kusa ba, kuma jinyarsu daban ce: wata shida na rifamfisin, etambutol, firazinamid da lebofuloksasin. Katrij na Xpert MTB/XDR, wanda ke bukatar na'ura mai launi goma, yana gano bijire wa isoniyazid, dangin lebofuloksasin, etiyonamid da amikasin. Duk wanda aka samu da RR a yi masa wannan gwaji ko makamancinsa nan take, domin shi ke nuna ko za a ba shi haɗin BPaLM na wata shida da aka amince da shi a 2022, wato bedakwilin, firetomanid, linezolid da moksifuloksasin, ko a cire na ƙarshen.

Bedakwilin da linezolid kuwa babu katrij da ke duba su. Sai an raini ƙwayar an gwada ta da maganin, ko an karanta jerin halittarta. Wannan shi ne gurbin da ya fi damun masana a yau, domin sauyi a ƙwayar halittar Rv0678 yana raunana bedakwilin da kulofazimin lokaci guda, kuma kusan dukkan sabbin haɗe-haɗen jinya a kan bedakwilin suka tsaya. Raino a MGIT kan ɗauki har kwana 42 kafin a ce babu, a LJ har mako takwas. A lura da gurɓacewa: kashi 3 zuwa 5 a LJ, 8 zuwa 10 a MGIT, shi ne daidai. In ya haura, ko samfuri na daɗewa a hanya ko wankin bai yi ba. In ya yi ƙasa sosai, wankin ya yi tsanani, ana kashe ƙwayar tibi tare da sauran. A kuma tabbatar ɗakin gwaji ya koma sabon ma'aunin rifamfisin a MGIT, wanda aka rage a 2021 daga miligiram 1 zuwa 0.5 a lita, domin tsohon yana barin wasu masu bijirewa su wuce.

Mataki na 6: Wa ke duba mai dubawa

A Najeriya manyan ɗakunan gwaji na ƙasa suna cibiyar horarwa kan tarin fuka da kuturta da ke Saye a Zariya, da cibiyar binciken lafiya ta ƙasa da ke Yaba a Legas. Su ma akwai na sama da su, irin na Kampala da na Kwatano, waɗanda ke aiko da ƙwayoyin da aka riga aka san halinsu a gwada a makance. Ana son dacewa ta kai kashi 95 a rifamfisin da isoniyazid kafin a fara bincike.

Mataki na 7: Karanta alƙaluma

A shigar da bayanai sau biyu ta hannun mutum biyu, a cire wanda aka ƙirga sau biyu saboda an maimaita masa gwaji. Mutum ake ƙirgawa, ba katrij ba. A fitar da kaso daban ga sabbi da tsofaffi, sannan a rarraba ta jinsi, shekaru, jiha da matsayin cutar ƙanjamau. A bayyana nawa ne ba su da sakamako, kuma su wane ne. In yawancinsu daga cibiyoyi masu nisa suke, kason da aka samu na mutanen birni ne.

Kowane kaso ya zo da iyakokinsa. Mutum 30 cikin 1,000 kashi 3 ne, amma a binciken rukuni gaskiyar tana iya kasancewa tsakanin 1.5 da 4.5. Don haka in binciken baya ya ce 2.9, na yanzu ya ce 3.4, ba a isa a ce ya ƙaru ba. Haka nan yawan masu MDR da aka gano yakan yi tsalle duk shekarar da aka ƙaro na'urori. Kason cikin waɗanda aka gwada shi ake kallo. A matakin ƙaramar hukuma, a duba duk wata uku: mutum uku ko huɗu daga unguwa ɗaya, gidan yari ɗaya ko tsangaya ɗaya sun isa a tashi a je a gani, ba sai an jira rahoton shekara ba.

A ƙarshen kowane wata, a ɗora jerin waɗanda ɗakin gwaji ya samu da RR kusa da rajistar masu jinya, a bi suna bayan suna. Duk sunan da ke cikin na farko babu shi a na biyu, a buga waya, in ba a samu ba a je gida. A rubuta kwana nawa ya ɗauka daga fitowar sakamako zuwa haɗiyar maganin farko. Mutanen gidansa kuma a tantance su duka, yara da manya. Waɗanda aka tabbatar cutar ba ta tashi a jikinsu ba, tun 2024 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ba su lebofuloksasin kullum har wata shida domin rigakafi.